Tumbin Ƙanen Mijina

Ni na gina tumbin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Lokacin da aka kawo ni gidansu a Filinge, ƙanen mijina siriri ne kamar sillen kara, in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe shi. Tuwona ya ci ya gama makaranta, shi ya ci ya zama malami, har mutanen gari suka koma kiransa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu. Da Allah ya yi wa mijina rasuwa ban bar gidan ba. Na zauna a ɗakina da 'yata guda ɗaya, na kafa tukunya a bakin hanyar ma'aikatu, ina sayar da shinkafa da wake da safe, da rana tuwo da dambu da kopto, kwaɗon zogalen nan. Auren Mushe na fari bai yi ƙarko ba, saboda haka kwanonsa ya ci gaba da fita daga madafata, dare da rana.

Sannu a hankali ciki ya fito. Da farko ya ɗaga riga kaɗan, daga baya ya zama shi ke riga mai shi shiga zaure. Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ba ta da abin alfahari kamarsa. In ya durƙusa gaishe ta har da nishi, sai ta dube ni ta ce Allah ya yi mini albarka. A garinmu tumbi shaida ce: gwamnati na biyanka, gida na kula da kai.

Sai aka tura malamai wani horo Yamai, har da shi. Ban san wa ya yi masa dariya a can ba, amma na san an yi, don ya dawo yana jin haushin matakala da duk wanda ya ƙirƙiro ta. An kuma gwada shi an ce jininsa ya fara hawa. Ya dawo da waya cike da hotunan wasu ƙarti marasa riga, cikinsu a ɗame, an tsaga shi gida-gida. Ranar da na aika masa tuwo da miyar kuka da man shanu, ya ɗauko kwanon da kansa ya dawo mini da shi.

"Yaya, daga yau kak ki ƙara aiko mini tuwon dare. Rejim nika yi."

Na ce, "Rejim kuma? Wace cuta ta wagga?"

"Ba cuta ba ta. Tumbin ga nika son in sauke."

"Tumbin da nig gina shekara da shekaru? To, ka biya ni man shanuna tukuna."

Muka yi dariya. Tsakanin mace da ƙanen mijinta akwai wasa, kuma ni na ɗauka abin ba zai kai Juma'a ba.

Ya ba ni kunya, don ya riƙe. Ya bar sukari a shayi, ya bar fura, ya bar ƙosai da soyayyen nama. Abincinsa ya koma dafaffen ƙwai, wake ba mai, ganyen zogale da ɗan gishiri, sai ruwa kamar raƙumi. Daga sallar asuba sai filin ƙwallo, ya yi ta zagaye shi da gudu, tunda fita bayan gari ta hanyar Abala ba ta yiwuwa yadda zamani ya koma. In ya dawo ya shimfiɗa tabarma a bayan ɗakinsa, ya kwanta rigingine yana tashi yana komawa, yana gurnani. Wani lokaci ya dafa ƙasa da gwiwar hannu ya sandare, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya sami manyan gwangwanayen tumatir biyu daga wajena, ya cika su da siminti, ya soke su da ƙarfe, yana ɗagawa. Ni kuwa ban daina aika kwano ba, don ban iya cin abinci ƙanen mijina na zaune da yunwa ba. Kullum kwanon ya ratsa tsakar gida a cike, ya dawo a cike, a gaban Inna da duk macen da ta shigo ɗibar wuta.

Kafin sanyi ya wuce wandunansa sun fara zamewa. Kumatu suka faɗa, wuya ya fito, riguna suka yi masa yawa. Shi yana murna, gari yana jaje. Masu cewa ciwon sukari ne suka ce, masu raɗa sunan mugun ciwon nan suka raɗa. Inna ta matsa ya je gidan likita, ya je don ta bar shi ya huta. Aka duba aka ce lafiyarsa ƙalau, jinin ma ya sauka. Ya dawo yana washe baki, yana ganin ya kashe magana. Bai san ya hura ta ba ne. Mutum na ramewa a tsaye, likita bai ga komai ba, kuma ya daina cin abincin hannun mace guda: ko yaron goye a unguwarmu ya san inda wannan lissafi yake zuwa.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru da bazara. Ya fita gudu ciki ba komai, zafi ya riga ya sauko tun da safe, ya yanke jiki ya faɗi a filin. Aka kwaso shi a amalanke aka kawo gida, aka yayyafa masa ruwa. Da ya buɗe ido, tsakar gida cike da mutane, kalmar da ta fara fita bakinsa ita ce, "Yaya. Ina Yaya?"

Wa zai kira? Ni ke dama masa kunu in zazzaɓi ya kama shi tun yana ɗan makaranta. Na taho da gudu da kofin fura a hannu, sai na ga mata suna darewa suna ba ni hanya, hanya mai faɗi fiye da yadda jikina ke bukata. A wajenmu an ce wanda maye ya kama wa kurwa, in ciwo ya kayar da shi, sunan wanda ya kama shi yake kira.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuma tsagata a shirye take. Mahaifiyata ba 'yar Kurfai ba ce, wato ƙasar nan tamu ta Filinge. Daga wani ƙauye ta wajen Bonkuku aka auro ta, ta rasu ban yi wayo sosai ba, ba wanda ya san danginta a nan. Shekara da shekaru wannan bai dami kowa ba. Yanzu sai ga tsofaffi sun tuna. Wata ta tuna idonta ja ne. Wata ta tuna ta taɓa yaba wani jariri, bai yi wata ba ya koma. Maita kuwa an ce a nono ake shanta, saboda haka maganar ba a kaina kaɗai ta tsaya ba. Ta bi ta kaina ta sauka kan 'yata, yarinyar da ke shekararta ta ƙarshe a koleji, wadda ba ta taɓa yi wa ko kaza tsawa ba.

Ba wanda ya zo ya faɗa mini a fuska, ai ba a yin haka. Bencin da masu sayen abincina ke zama ne ya fara yin fili. Ma'aikatan da suka shekara suna cin tuwona suka gano ashe matansu sun iya girki. Na kan dawo da rabin tukunya, in ba maƙwabta, su karɓa da godiya, in ga an zuba wa awaki. Ranar kasuwa mai tattasai ya ƙi karɓar kuɗi daga hannuna, ya ce in ajiye a kan buhu. A bakin famfo wata mata da na yi wa wankan jego da hannuna ta janye ɗanta bayan zanenta, na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Kurwata kur." 'Yata ta daina tafiya da dambu makaranta. Da na tambaye ta dalili, ta ce ba ta jin yunwa da rana.

Na sami Mushe a bayan ɗakinsa yana ɗaga gwangwanayensa. Na faɗa masa duka. Ya ajiye ƙarfen ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Haba Yaya! Jahilci na. Rabu da su."

"Kai ka iya rabuwa da su, albashinka daga Yamai shika zowa. Ni da bakin mutanen ga nika ci. Ka tashi ka hwaɗa musu kai kas sa kanka."

"Na hwaɗi, ba su yarda ba."

Gaskiyarsa ce, ya faɗa. Amma wa zai yarda mutum mai hankali, mai albashi, ya sa kansa yunwa da gangan? Cewa suka yi abin ne ke magana da bakinsa. Duk da haka ya yi mini alkawari zai tara su ya nuna musu hujjar da ba ta da amsa.

Aka taru a ɗakin Inna bayan la'asar: ita, da ƙanwar mahaifinsu da muke kira Gwaggo, da wasu tsofaffi biyu na dangi. Na zauna a bakin ƙofa. Mushe ya yi jawabi kamar yana gaban allo. Ya yi maganar kitse da jini da zuciya, ya ce Turawa da mutanen Yamai kuɗi suke biya a rame. Da ya ga ba wanda ya motsa, sai ya miƙe ya kama bakin rigarsa ya ɗaga har ƙirji, ya riƙe numfashi, ya ɗaure ciki.

Ban taɓa gani ba sai ranar. Tumbin ya tafi ƙaf. A wurinsa ga wasu dunƙule-dunƙule a jere, biyu-biyu, huɗu sun fito sosai, biyu na ƙasa suna leƙe, da tsaga a tsakiya tun daga ƙirji har cibiya. Fuskarsa kuwa cike da alfahari, yana jiran a ce madalla.

Gwaggo ce ta fara salati. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ni! An kasa shi! Ku duba, kashi-kashi, awa naman watanda! Sun riga sun raba, kowa da nashi, ɗauka ɗai tar rage!"

Inna ta fashe da kuka. Mushe ya saki riga yana cewa tsoka ce, tsoka ce, kowa na da ita a ƙarƙashin kitse. Ba mai jin sa. Duk idon da ke ɗakin ya juyo bakin ƙofa.

Inna ba muguwar mace ba ce, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ta rarrafo ta kama ƙafata, tsohuwar da ta haifi mijina.

"Ɗiyata, ban ce ke ta ba. Amma guda Allah ya ɗauka, wanga ɗai yar rage mini. Ki tsallake shi. In ba ke ba ta, mi za ki rasa? Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Wanda ya yi wannan karin maganar bai san wuƙaƙen unguwarmu ba. Tsallakewa ita ce yadda ake sa maye ya saki kurwar da ya kama. In na ƙi, an ce na riƙe shi sai na cinye. In na yi, na taka da ƙafata na shiga sunan. Gaba kura, baya sayaki. Na dubi Mushe ina jiran ya ce ba zai kwanta ba, ko sama za ta faɗo. Ilminsa duka, da jawabin kitse da jini, na ɗauka za su tsaya mini a wannan wuri guda. Sai ya matso ya rage murya.

"Yaya, wasa na. Ki tsallake a huta, tsohuwar ga ta samu barci."

Na ce a ba ni zuwa gobe. Ban nemi shawarar kowa ba, don ba wanda ya rage da zan nema. Da na juya abin ta kowace fuska, ƙofa ɗaya na gani. In na tsallake shi ya ci gaba da zama a rame, dole su ce ba ni ba ce, tunda wanda aka saki murmurewa yake yi. Da safe na tare shi yana ɗaura takalmin gudu.

"Zan yi. Amma ka rantse mini ba ka barin rejim ɗin ga. Tumbin ga in yad dawo, ni da ɗiyata mun mutu a tsaye. Ka gane?"

"Wallahi Yaya, ni da tumbi har abada. Wahalar da nis sha?"

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. An ce dangi kaɗai za su gani, amma katangarmu ta yi kawuna ranar. Ya kwanta rigingine, yana danne dariya. Na tattare zanena na ɗaga ƙafa na tsallake ƙanen mijina. Ban yi kuka ba, ban ba su wannan ba. Na wuce madafa na hura wuta.

Daga ranar duniya ta juya mini. Ni da na yi rabin rayuwata ina ɗura masa man shanu, na koma mai gadin ramarsa. Ni ke dafa masa wake ba ɗigon mai. Ni ke tsinko zogale, in wanke, in dafa, in hana shi ƙuli-ƙuli. In ya makara da asuba ni ke buga masa ƙofa. In na ji ƙamshin tsire a jikinsa sai gabana ya faɗi. Na koyi kallon cikinsa ta cikin riga yadda manomi ke kallon gabas da damina. Kuma abin ya fara aiki. Wata ya wuce, wani ya bi, Mushe na nan a bushe. Gwaggo ta fara cewa wataƙila iska ce ba mutum ba. Ma'aikata biyu-uku suka dawo bencina suna sunkuyar da kai. Matar bakin famfo ta gaishe ni har da tambayar gajiya. Na fara barci.

Sai hutun damina ya zo, aka rufe makarantu. Filin ƙwallo ya yi taɓo, ya ce sai ya bushe. Gwiwarsa ta fara ciwo, ya ce sai ta huce. Gwangwanayen siminti suka koma abin tokare ƙofa. Aka yi babbar Sallah, nama ya cika gari, na gan shi da idona a zaure da haƙarƙarin rago a hannu, mai na bin gwiwar hannunsa. Na tsaya a kansa.

"Yau ɗai, Yaya. Sallah ta."

A cikin hutun nan ne kuma ya ga wata yarinya mai aikin jinya, aka sa rana. Ni na yi wahalar bikin, duk da ba a bar ni na taɓa tukunyar baƙi ba. Amarya ta tare, kwanonsa ya bar madafata. Yarinya ce mai hannu, ba ta san rowar mai ba, kuma ba laifinta, kowace amarya so take a ga aikinta a jikin miji. Na same shi na tuna masa rantsuwarsa. Ya zaro waya ya nuna mini hotonsa ba riga, a bayan ɗaki, ciki a tsage gida shida.

"Kin gani? Na kai inda nika son kaiwa, ga shaida. Rai ba shi son wahala kullum. Kuma maganar ga ta wuce, Yaya, ke ɗai ka tuna ta."

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙarya ce. Na ga wanda ya ja ruwa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ruwan ya sauka kan na waje.

Kumatu suka fara dawowa, sannan wuya ya cike. Kafin a gama girbin hatsi riga ta fara ɗagawa. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce barka da arziki, Mushe, jiki ya yi kyau. Kowace barka a kaina take sauka. Ba wanda ya ce amarya ta iya girki, ba wanda ya ce ya bar gudu. Lissafin gari gajere ne: yana ramewa, ta tsallake shi, ya warke. 'Yan watannin da ya yi a bushe bayan tsallakewar ma an sami inda aka ajiye su, an ce kurwa ba ta komawa gida rana ɗaya. Bencina ya sake yin fili, wannan karon bai cika ba. Na kwashe tukwanena na dawo da su gida. Har yau in na hango shi ya nufo zaure, cikin na gaba yana biye, sai in kau da kai. Na tsani tumbin nan kamar yadda ban taɓa tsanar wani mai rai ba.

Wata safiya ina tsakar gida ina tsefe wa 'yata kai, sai ga Inna ta fito daga ɗakinta da sanda, da turmin atamfa a hammata. Ta ajiye shi a gabana, ta zauna a kan turmin daka. Fuskarta a sake, rabon da in ga haka tun kafin a tura ɗanta Yamai.

"Ɗiyata, godiya niz zo yi. Kin ji tausaina, kin sakam mini ɗana. Da wata ta, da ba ta saki ba. Na san ba ke kin nema ba, gado na, ba a zaɓen nonon da za a sha. Allah shi saka miki, Allah shi raba ki da abin ga."

Na kafa wa atamfar ido. Da zagi ta zo da shi, da na san abin da zan mayar. Ta ɗauki shiruna a kan kunya, ta gyaɗa kai. Sannan ta juya wajen jikarta, wadda ke zaune tsakanin ƙafafuna da rabin kai a tsefe. Ba ta taɓa ta ba, daga nesa ta ɗaga hannu.

"Ke kuma, Allah shi sa jinin ubanki shi rinjayi nonon. Allah shi sa bai kama ki ba."

Ni na koya wa yarinyar nan cewa in babba ya yi addu'a ba a barinta ta faɗi ƙasa. Ina riƙe da gashinta na ji wuyanta ya sunkuya. Ta ce, "Amin, Inna," a hankali, ba ta waiwayo ta dube ni ba. Ko ladabi ne ya amsa, ko tsoro, ban sani ba. Tana ɗakin aurenta yanzu, can nesa inda ba a san mu ba, kuma har yau ban iya tambayarta ba.